Sajan Ido Yana Nan a Motata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da kyau da kyau. Allah Ya sa bas ta sauke ka lafiya, Ya sa ka tarar da ɗakin da jami'a ta ba ka a share, Ya haɗa ka da abokin kwana mai tsoron Allah wanda ba ya minshari. Mamanka tana gaishe ka, ta ce kilishin yana ƙasan baƙar jaka, kada ka rabar da shi duka a rana ɗaya. Ƙanwarka Ummi ma tana gaishe ka, na san za ta kwashe kayanta ta koma ɗakinka tun ba ka kai tasha ba.

Mamanka ta so in naɗe maka takardar nan a cikin sallaya. Na ce a'a, so nake a karanta ta yau. Shi ya sa na cusa ta a akwatin 'yan sojojinka na roba, ƙarƙashin soso, don na san kafin ka tambayi ina ne gabas sai ka fara duba ko wani ya karye a hanya. Kada ka ɓata rai, wasa nake yi. To, rabi wasa ne.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san ni allo kaɗai na yi, bokon nan a waya na tsince shi da allunan kan titi. Kai kuma Hausarka ta kunne ce, a yi maka magana ka mayar da Turanci. Karanta a hankali, a bayyane, kamar mai biya karatu. Inda ka kakare ka kira mamanka. Kada ka kira ni, don zan ce ban san zancen ba.

Ba labari zan ba ka ba, yau-yau ka bar gidan. Laifina zan faɗa maka, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba, domin wanda zai yi tafiyar awa shida daga gaban iyayensa ya kamata ya san inda ubansa ya yi tuntuɓe.

Kana da shekara goma sha huɗu, muna unguwar Morrisania ta Bronx a lokacin, ba mu dawo Soundview ba. Ranar Lahadi ce bayan la'asar, Alhaji Ilu mutumin Maraɗi mai sayar da turare yana falo shi da wasu baƙi biyu, ana shan shayi. Ka fito daga ɗaki da abu a tafin hannunka, sojan roba da bai fi babban yatsana ba. Mako biyu ka yi kana yi masa fenti. Ka fara da Turanci, sai ka tuna akwai baƙi, ka gyara ka ce, "Baba, duba."

Na duba. Fentin ya yi kauri kamar an tsoma shi a kunun gyaɗa. Idanun kuwa, Allah Sarki, kowanne ya cinye rabin fuskar, ɗaya na kallon gabas, ɗaya na neman tasi. Amma na ga wani abu kuma: yadda ka tallafo shi kamar ƙwai. Wallahi a raina na ji daɗi, na ce yaron nan ya zauna ya yi abu da kansa. Sai dai ga baƙi, kai kuma ɗan fari. Sai bakina ya yi abin da ya saba. Na miƙe tsaye, na ƙame, na sara masa, na ce, "Alhaji, ku tashi, Sajan Ido ya iso!"

Alhaji Ilu har shayi ya sarƙe shi don dariya. Kai ma ka yi dariya, shi ne abin da ya ruɗe ni. Na jefa Sajan a aljihu, washegari na tafi da shi filin jirgi na kafa shi a gaban mota, duk direban da ya zo wucewa sai na ce ya gaishe da oga. Rannan har a gwangwanin sukari na ɓoye shi don mamanka ta tsorata, ta kuwa tsorata. Ba ka taɓa cewa in dawo maka da shi ba. Amma daga ranar, in na turo ƙofar ɗakinka sai in ji ƙarar murfin akwati. Ba ka sake ce min "duba" ba.

Bari in gaya maka daga inda abin ya samo asali, ba don in wanke kaina ba. A wurinmu uba yana jin kunyar ɗansa na fari. Ba ya kiran sunansa, ba ya yaba shi a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi. Kai kuma abin ya zo maka biyu, ga ka ɗan fari, ga sunan mahaifina a kanka, shi ya sa tun da aka haife ka ban taɓa kiranka da komai ba sai Babana. Ni ma ɗan fari ne. Da na yi sauka a Kazaure, ni da kaina na yi wa allona zayyana, kwana tara ina jan layi da alƙalamin kara, ja da kore da ruwan ƙwai. Shi ne allon nan da ke rataye a falonmu. Na kai wa kakanka, Allah Ya ji ƙansa. Ya kalla sau ɗaya, ya ce, "An ba awaki ruwa?" Shi ke nan. Amma ban ji ciwo ba, ka san dalili? Kafin in juya, Gwaggo ta rangaɗa guɗa, kakata ta karɓe allon ta zaga da shi gida-gida, kawuna ya ɗaga ni sama da girmana. Uba ya yi shiru, dangi sun yi magana a madadinsa, kuma kowa ya san shirun nan cike yake.

Ni sai na ɗauko shirun na haye teku da shi, na baro kaka da gwaggo da kawu a can. A ɗaki biyu da falo na Morrisania wa zai yi maka guɗa? Kuma ni ko shirun ban iya ba, sai da na ɗora tsokana a kai. Babana, in wani ya kawo maka aikinsa na farko, ka fara kallon hannun da ya miƙo shi kafin ka kalli aikin. Ka nemi abu ɗaya na gaskiya da ya yi daidai, ka faɗa, sannan ka shiga gyara. Kuma ka san bakin nan nawa ka gada, ina jin yadda kake yi wa Ummi. Tsokana da daɗi, ni shaida ne, amma kada ka yi ta a daidai lokacin da mutum ya buɗe maka tafin hannunsa.

Na biyun ka san rabinsa. Bayan kamar shekara ɗaya, sojojin sun yi yawa, Alhaji Ilu ya hango su ta ƙofa. Ya ja ni gefe ya ce, "Kai, waɗanga 'yan mutanen da yaronka ka tarawa, mi ne bambancinsu da gumaka? Kana son mala'iku su daina shigo maka gida?" Maganar ta shige ni. Ban tambaye ka ba, ban tambayi malami ba. Ka tafi makaranta, na ɗauke akwatin na sa a but ɗin mota. Tsakiyar zafi ne. Kwana uku suna ciki, mota tana shanye a filin jirgi cikin rana. Ka birkice gidan nan kana nema, har ƙarƙashin firji. Da ka gaji ka zo ka tsaya a gabana ka ce, "Baba, ka ga akwatina?" Na ce, "Wane akwati?"

Ranar Juma'a na tsaya bayan salla na kai wa liman maganar, ina jiran ya ce Allah Ya yi min albarka. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ka tambayi yaron me yake yi da su?" Na ce a'a. Ya ce, "Ka ga yana yi musu sujada?" Na ce subhanallahi, wasan yaƙi suke yi da su a kan tebur, kamar dara. Ya ce malamai sun yi magana a kan irin waɗannan abubuwa, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta, a riƙa ajiye su a rufe, kada a jera su inda ake salla. Sannan ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Amma akwai abin da ba a yi saɓani a kansa ba: ɗaukar kayan mutum ba da saninsa ba, da yi masa ƙarya." Na fito masallaci ina neman takalmina alhali yana ƙafata.

Da na buɗe but ɗin, masun da sojojin ke riƙe da su sun lanƙwashe kamar dafaffiyar taliya, wasu hannuwa sun ɓalle. Na kawo maka na ce a mota na tsince shi, ban san yadda aka yi ya shiga ba. Ka dube ni, ka dubi akwatin, ka ɗauka ka wuce. Na gan ka a kicin kana tsoma su a ruwan zafi ɗaya bayan ɗaya kana miƙar da masun. Yau ina faɗa da bakina: ni na ɗauka, kuma ƙarya na yi maka. Ka yafe min. Abin da nake so ka riƙe shi ne, duk wanda ya yanke hukunci a kan abinka, ka tambayi kanka ko ya san abin. Alhaji Ilu mutumin kirki ne, in zancen turare ne ko a rufe masa ido zai gaya maka na ina ne, amma bai san fiƙihu ba, bai san fenti ba. A can za ka haɗu da irinsa da yawa, masu ƙarfin murya. Ka saurare su da ladabi, sannan ka je ka tambayi wanda ya sani. Akwatin kuma ka riƙa rufe shi in za ka yi salla, kamar yadda liman ya ce.

Yanzu ga abin da ya daɗe yana cina. Ka san aikinmu, wani lokaci sai ka yi awa uku a wurin da muke jiran layi a filin jirgin JFK kafin a kira ka ka ɗauki fasinja. Mutum ya gaji da waya, ya gaji da gardamar ƙwallo, sai tunani. Ni tunanina ɗaya ne: na koya wa yaron nan ɓoye aikinsa. Yaron da ke rufe akwati in ya ji motsin ubansa, gobe in karatu ya shige masa duhu zai rufe littafi ya ce komai lafiya. Ba zai je wurin malami ya ce ban gane ba. Zai nutse a tsaye, yana murmushi, kamar yadda ya yi min dariya ranar Sajan. Da takardar jami'a ta zo, kowa na murna, ni kuwa tsoron nan ne ya ƙaru. A gida aƙalla mamanka tana karanta fuskarka. A can wa zai karanta?

Na so in ba ka haƙuri, ban san ta inda ake farawa ba. Abin da na iya kenan, shaƙiyanci. Sai na ce bari in yi wa soja ɗaya fenti da kaina, in saka shi a tsakiyar rundunarka, in ga kwana nawa za ka yi kafin ka gane. Na ce ni da na yi zayyana, ɗan wannan abin zai gagare ni? Na ari ɗaya daga durowarka cikin waɗanda ba ka taɓa ba. E, na sani, na sake ɗauka ba izini, amma wannan karon aro ne. Na sayi fenti da buroshin yara a shagon kayan arha, na zauna a mota na shafa.

Babana, Sajan Ido sarkin kyau ne a kan abin da ya fito daga hannuna. Seidu, direban nan ɗan Kumasi mai ƙaton ciki, ya leƙo ta taga ya ce, "Massa, wannan mutum ne ko kwaɗo?" Kafin in ɓoye ya fizge, ya ɗaga sama ya kira jama'a. Ƙarti biyar suka kewaye motata suna riƙe ciki. Wani ya ce a kai shi asibiti, wani ya ce a'a, a yi masa sutura kawai. Na yi dariya tare da su. Amma na ji kamar in tayar da mota in bar layin. Ni da na kusa arba'in, ni da na san wasa ne, ni da na fi su duka iya yin irinsa. Kai kuma sha huɗu gare ka, kuma ubanka ne ya sara. Ranar ce na san abin da na yi.

Na san shagon 'yan sojojin da kake zuwa duk Asabar, don na taɓa sauke ka a bakin titin. Na zaɓi ranar Talata da hantsi, kana makaranta. Na shiga na tarar da manyan tebura an gina musu 'yan duwatsu da rusassun gidaje, wasu magidanta biyu da gemunsu suna auna tazarar sojoji da tef ɗin tela suna jefa 'ya'yan ludo, fuska a murtuke kamar masu rabon gado. A can ƙurya ga wata dattijuwar Baturiya, gashi fari fat, da gilashin ƙara girma a goshi. Na ajiye mata kwaɗona. Na ce da Turancina na tasi, "Yarona ne ya yi. Sabon koyo ne, yana jin kunya. Me za a gyara?"

Ka ga laifi na uku. Na je neman gyara, na jingina maka aikin.

Ta juya shi a hannu, ta ce, "Yaya sunan yaron naka?" Nan na tsaya. Sunan mahaifina ne, ban saba fitar da shi ba. Ta ga ina ta kame-kame kamar wanda ya sato yaro. Sai na ciro waya na nuna mata hotonka. Ta kalli hoton, ta kalli sojan, ta kalli hannuna. Ta ce, "Wannan yaron ya fi shekara uku rabonsa da yin fenti irin wannan. Kuma Malam, koren fentin yana nan a ƙarƙashin farcenka."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Amma ba ta yi dariya ba. Ta jawo min kujera ta ce in zauna, ta ba ni labarinka, ni ubanka.

Ta ce ranar da ka fara zuwa, sojoji uku ka kawo a naɗe cikin safa. Ka jera mata su ka ce, "Ki gaya min duk abin da ba daidai ba." Ta ce yawancin sababbin koyo yabo suke zuwa nema, in an taɓa aikinsu ba sa dawowa. Kai kuwa da ɗan littafi kake zuwa kana rubuta abin da aka ce. Ta ce akwai ranar da ta gaya maka wata magana mai zafi a kan wani da ka yi wata guda kana yi, ka fita ba sallama, ta ɗauka shi ke nan. Ashe zagaya layin ka yi. Ka dawo ido ja, ka ajiye shi ka ce, "Nuna min." Ta ce yanzu in sabon koyo ya shigo, wurinka take tura shi, saboda kai kullum da abin da ya yi kyau kake farawa, har mutum ya saki jiki, sannan ka nuna masa gyara ɗaya ko biyu, ba ka tara masa.

Sannan ta kai ni gaban wani akwatin gilashi inda suke ajiye aikin da ya fi fita. Ta nuna min wani soja mai alkyabba shuɗiya, shuɗin ya yi duhu a cikin ninki ya yi haske a kafaɗa kamar rana na dukansa. Yana riƙe da garkuwa da ba ta kai farcena girma ba. Ta ba ni gilashinta ta ce in duba garkuwar, ta ce ta sha tambayarka inda ka samo zanen, sai ka ce a gida. Na duba. Ja da kore da ruwan ƙwai. Zayyanar allona ce, Babana, har ɗan ƙullin nan na kusurwa da na yi kuskure na mayar da shi ado.

Na koma kan kujerar na zauna. Na yi alhamdulillahi ban san adadi ba. Ashe ba ka ɓoye wa duniya aikinka ba, ni kaɗai ka ɓoye wa. Wannan da ciwo, ba zan ce babu ba. Amma nauyin shekara huɗu ne ya sauka daga kaina a shagon nan. Ban kashe komai ba. Na rufe maka ƙofa ɗaya, ka je ka ƙwanƙwasa wata. Tun ranar nake cin abinci ina jin ɗanɗanonsa.

Ba ta bar ni na tafi haka ba. Ta ce tunda na kawo aiki, sai an duba. Ta ce hannuna ba ya rawa, ban tsallake layi ba, wannan ba kowa ke zuwa da shi ba. Ka ji yadda na kumbura? Sannan ta ce fentin ya yi kauri ya toshe duk ƙananan zanen jikin, in riƙa sirka shi da ruwa har ya koma kamar madara, in shafa siriri, in bari ya bushe, in sake, sau biyu ko uku. Ta ce idanu kuma in bar su tukuna, daga nesa ba mai ganinsu. Na ce, "Hajiya, ai wannan tawada ce!" Ba ta san na ce mata Hajiya ba. Haka malaminmu yake cewa in ƙaro ya yi yawa a tawada ba ta gudu a allo, sai ta yi dunƙule. Na tambaye ta wannan da na ɓata fa, a yar? Ta ce a'a, a jiƙa shi a wani ruwa, a goge da tsohon buroshin haƙori, ya koma fari a sake. Wanke allo kenan. Na wanke allo sau nawa a rayuwata? Malam ya duba ya ce a nan ka ci wasali, a nan ka bar ɗigo, je ka wanke. In tafi in wanke in dawo, ko a jikina. Ban san yaushe na zama mutumin da sai ya laƙa wa ɗansa aikinsa kafin ya iya jin gyara ba.

To, ga abin da nake roƙonka. Abin da ka yi a shagon nan, ka yi shi a jami'a. In karatu ya ƙi, ka naɗe shi a safa ka kai wa malamin, ka ce nuna min. Kada ka jira sai ya yi kyau, mai kyau ba ya bukatar a kai shi. Kada ka ce na abokinka ne. In maganar ta yi zafi, ka zagaya layi ka dawo. Ka kuma san wa kake kai wa. Irin su Seidu da ubanka za su ba ka dariya, ba laifi in kana da ƙarfin ɗauka ranar. Mamanka za ta ce ya yi kyau ko shinkafa ka ƙona, ka kira ta in ranka ya ɓaci, don wannan ma magani ne. Amma mai gilashi a goshi, wanda zai ce ga inda ka iya ga inda ka ɓata, shi za ka nema tun makon farko. Ka nemi masallaci, ka nemi irin wannan mutumin, ka nemi inda ake sayar da rigar sanyi ta gaske, don an ce sanyin can ya fi na Bronx rashin mutunci.

Sauran ka sani, amma bari in faɗa ta ɓangarena. Sau huɗu na wanke kwaɗon nan. Seidu ya gaji da tsokana har ya koma riƙe min kofin ruwa. Ranar Alhamis da ta wuce, kana haɗa kaya, na faki idonka na tsayar da shi a tsakiyar rundunarka. Na ce zai kwana biyu. Ko minti ɗaya bai yi ba. Ka fito falo da shi, ka je bakin taga kana juya shi a haske. Ka ce, "Baba, naka ne?" Na ce, "Nawa? Ni direba ne." Sai ka lallaɓo Hausarka ka ce, "Takalmin ya yi kyau. Layin belet ya miƙe sosai. Amma Baba, ka bar ido." Yo ai na sani an hana ni, na kasa haƙuri ne. Muka yi dariya har Ummi ta fito tana tambaya me aka yi.

Sai ka koma ɗaki ka dawo. Ka tsaya a gabana ka buɗe tafin hannunka, ga mai shuɗiyar alkyabba, ka karɓo shi daga shago don tafiya. Ba ka ce "duba" ba, amma shi ne. Shekara huɗu ina jiran hannun nan ya sake buɗewa. Ba baƙo ko ɗaya a falon. Na buɗe baki, Babana, wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Ka ci abinci?"

Kakanka sak, awaki ne kawai babu. Mamanka ta yi min wani kallo daga ƙofar kicin wanda har yanzu ban warke ba. Kai kuwa ka yi murmushi ka ce ka ci, ka rufe hannunka. Kwana biyu kafin nan Ummi ta kawo min zanen kyanwa mai ƙafa biyar na ce ya yi kyau, a gabanka, ba tare da wata wahala ba. Na ga ka ɗago ka kalle ni.

Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, tunda alƙalami ba ya jin kunyar ɗan fari. Na ga mai alkyabbar. Na gan shi tun a shago, da gilashi, na ga garkuwar, na gane ta. Ya yi kyau. Ni da na ja layin nan a kan allo mai faɗin ƙirji sai da na yi kwana tara, kai ka mayar da shi kan abin da bai kai farce ba, kuma naka ya fi nawa tsabta.

Saura Sajan Ido. Na san ka ɗauka na yar da shi tuntuni. Yana nan a aljihun gaban motata, a naɗe cikin hankici, tare da takardun mota. Mota biyu na canza, duk ya bi ni. Tun makon farko na daina nuna wa direbobi shi, ni kaɗai nake ciro shi in layi ya yi tsawo. Jan hularsa bai zubo a fuskarsa ba ko kaɗan. Maɓallan rigarsa, waɗanda sai an ƙanƙance ido ake gani, ka bi su ɗaya-ɗaya ka ɗiga musu ruwan zinare, ba ka tsallake ko ɗaya ba. Ba yau na lura ba. Tun ranar Lahadin nan na gani, kafin in miƙe in sara. Abin da ya kamata in ce kenan, ga shi na faɗa, ya makara da shekara huɗu: ya yi kyau, Babana, sannu da ƙoƙari.

Kada ka ce in kawo shi ka wanke ka sake masa ido. Ba zan bayar ba. Haka nake son sa, ɗaya na kallon gabas, ɗaya na nemo min fasinja.

Na ari wani sojan daga durowarka, wannan karon ina sanar da kai. In na gama Ummi za ta ɗauki hoto ta aiko maka. Ka gaya min gaskiya, amma ka fara da abin da ya yi kyau, ka san ni sabon koyo ne.

Allah Ya tsare min kai a tafiyarka da zamanka, Ya tsare ka daga sharrin abokai da sharrin sanyi, Ya buɗa maka karatu, Ya haɗa ka da masu gaya maka gaskiya cikin tausayi. Allah Ya ji ƙan mai sunanka. Ya dawo mana da kai lafiya lokacin hutu, mu ga juna da alheri. Ka riƙe salla, ka kira mamanka ranar Juma'a. Allah Ya yi maka albarka.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
direban Sajan Ido.